Me Ake Saye a Jikin Agogon Hannu Mai Wani?

Duk sanda hoton wani ɗan ƙwallo ko attajiri ko ɗan siyasa ya bazu a intanet, aka hango agogon da ke hannunsa, masu bin diddigi suka tono kuɗinsa, tambaya ɗaya ce ke biyo baya: wane lokaci agogon nan yake nunawa wanda na sauran jama'a ba ya nunawa? A watan Nuwamban 2019 an yi gwanjon wani agogon Patek Philippe a birnin Janiba, aka saye shi a kan faran miliyan 31, kuɗin Suwizalan. Ba na zinariya ba ne, jikinsa ƙarfe ne. Da kuma za a ajiye shi gefe guda da agogon roba mai batir irin na 'yan makaranta, a dawo bayan wata guda, akwai kyakkyawan zaton na 'yan makarantar ne zai fi faɗin gaskiya.

Ashe ke nan tsada ba ta sayen daidaiton lokaci. To me take saye? Amsar tana ƙarƙashin murfin agogon, inda yawancin masu muhawarar ba su taɓa leƙawa ba.

## Mai batir daban, mai wani daban

Kowane agogo a duniya abu uku yake buƙata: inda zai sami ƙarfi, wani abu mai kai-komo bisa ƙa'ida wanda za a riƙa ƙirgawa, sai hanyar nuna abin da aka ƙirga. A agogo mai batir, ƙarfin lantarki ne, mai kai-komon kuma wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da ake kira kwaz, wanda ke karkarwa idan lantarki ya ratsa shi. A agogo mai wani babu lantarki ko ɗigo. Ƙarfin yana fitowa daga sifirin, wato wani siririn ƙarfe da aka naɗe, mai kai-komon kuma wili ne da ke lilo.

Mai wanin ma kala biyu ne. Akwai wanda kai za ka riƙa murza ɗan kunnen da ke gefensa kowace rana. Akwai kuma otomatik, mai yi wa kansa wani. A bayan injinsa akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, siffar rabin wata, da ke juyawa duk sanda ka motsa hannu, juyawar tasa ce ke naɗe sifirin. Maganar da ake yawan yi cewa irin wannan agogo da gudun jini ko zafin jiki yake aiki ba ta da tushe. Ka ɗaura shi a hannun wanda ke kwance ba ya motsi, bayan kwana biyu zai tsaya. Ka ɗaura shi a jikin injin da ke jujjuyawa, zai yi ta aiki ba jini ba tsoka. Wani Baturen Ingila, John Harwood, ya yi rajistar agogon hannu mai yi wa kansa wani a farkon shekarun 1920, sannan Rolex ya fito da faifan da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931, wanda shi ne salon da kusan kowa ke bi har yau.

## Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi

Sifirin da ake magana wani siririn ƙyallen ƙarfe ne, tsawonsa yakan kai santimita 30 zuwa 50, an naɗe shi cikin wani ɗan gwangwani mai haƙora a gefe. Idan ka yi wani, ka matse shi ke nan, shi kuwa burinsa ya warware. Da za a ƙyale shi, cikin 'yan sakanni zai zubar da ƙarfinsa duka, hannuwan agogo su yi ta wulwulawa kamar fanka, a tashi wasa. Duk hikimar agogo a nan take: yadda za a tilasta wa sifirin nan ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan, daidai wa daida, har tsawon awa 40, wasu na zamani ma 70 ko 80.

Gwangwanin yana juyawa a hankali, haƙoransa na tura wani wili, wannan ya tura na gaba, kowane ya fi wanda ya gabace shi sauri. An lissafa yawan haƙoransu ta yadda ɗaya zai zagaya sau ɗaya a awa, shi ke ɗauke da hannun minti, wani kuma sau ɗaya a minti, shi ke ɗauke da hannun sakan. Hannun awa yana samun nasa motsin ne daga wasu ƙananan wili da ke bayan fuskar agogo, masu rage saurin hannun minti sau 12.

A ƙarshen jerin nan akwai wani wili mai haƙora kamar ƙugiya, galibi 15 ko 20. A gabansa aka girke mai gadi: wani ɗan ƙarfe mai siffar gwafa, da duwatsu biyu a bakinsa. Dutse ɗaya ya tare haƙori, wili ya tsaya cik, duk jerin da ke bayansa ya tsaya. Sai an ture gwafar gefe kafin haƙorin ya kuɓuce, yana kuɓucewa kuma dutse na biyu ya tare wani haƙorin. Ƙarar nan ta tik-tik da kake ji idan ka kara agogo a kunne, ƙarar tarewa da sakin nan ce. Wani maƙerin agogo a Ingila, Thomas Mudge, ya ƙirƙiro wannan tsari a tsakiyar shekarun 1750, kuma har yau gyararren samfurinsa ne ke cikin mafi yawan agogunan wani, masu araha da masu tsada.

Wa ke ture gwafar? Wilin lilo. Shi wani zobe ne mara nauyi da ke tsaye kan tsinken da ya fi allura siranta, an haɗa shi da wani sifiri na biyu, siriri kamar silin gashi, naɗaɗɗe kamar bayan dodon koɗi. Zoben ya juya dama, sifirin gashin ya matse ya dawo da shi. Ya wuce hagu, sifirin ya buɗe ya sake dawo da shi. Duk wucewar da zai yi ta tsakiya sai ya bugi wutsiyar gwafa, haƙori ɗaya ya kuɓuce, kuma wajen kuɓucewar haƙorin ya ɗan tunkuɗi gwafar, ita kuma ta tunkuɗi zoben don kada lilon ya mutu. Kamar yaro ne a kan lilo da wanda ke tura shi, sai dai a nan yaron ne ke buɗe wa mai turin ƙofa.

Abin da ya sa wannan ya zama ma'aunin lokaci wata ɗabi'a ce ta sifiri: ko lilon ya yi nisa ko ya yi kusa, lokacin da yake ci kusan ɗaya ne. Saboda haka agogon da aka yi wa wani yanzu da wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa ba sa yin nisa da juna a ƙirge. Masanin nan na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya bayyana wannan sifiri a 1675, duk da Robert Hooke na Ingila ya yi ta jayayya cewa shi ya riga shi. Kafin wannan, agogon aljihu kan yi kuskuren mintoci da yawa a rana, har ma yawancinsu hannu ɗaya gare su, na awa, don babu amfanin sa na minti.

Agogunan yau da yawa suna bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan. A rana sau 691,200 ke nan, a shekara fiye da miliyan 252. Shi ya sa hannun sakan ɗinsu yake kamar yana sulalawa, alhali ƙananan taku takwas yake yi inda mai batir ke yin tsalle ɗaya. Wasu na bugawa sau 18,000 ko 21,600, wasu har 36,000.

## Duwatsun da ake ƙirgawa a fuskar agogo

Sau da yawa za ka ga an rubuta adadin duwatsu a jikin agogo, 17 ko 21 ko 25, har wasu na zaton dukiya ce aka binne a ciki. Yaƙutu ne, gaskiya, amma na masana'anta. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar haɗa shi da wuta, kuma ƙwayar da ke cikin agogo ba ta da wani kuɗin a zo a gani. Aikinta shi ne zama mazaunin tsinken wili. Ƙarfe a kan ƙarfe yana cin juna, amma ƙarfe a kan yaƙutu mai santsi, da ɗan ɗigon mai, sai ya shekara da shekaru yana juyawa bai lalace ba. Agogon da ake yi wa wani da hannu, duwatsu 17 sun ishe shi. Otomatik kan buƙaci ƙari saboda faifansa. An yi zamanin da wasu kamfanoni ke cusa duwatsun da ba sa aikin komai don lambar ta yi yawa, har aka kai ga mai 100.

## Dalilin da ya sa yake gudu ko latti

Wilin lilo abu ne mai jiki, don haka duk abin da ke taɓa jiki yana taɓa shi. Nauyin ƙasa yana jansa: agogon da ke kwance rigingine da wanda ke tsaye a gefensa ba gudu ɗaya suke yi ba. Zafi yana sa sifirin ƙarfe ya yi laushi, agogo ya yi latti. Wannan matsala ce ta daɗe tana ci wa maƙera tuwo a ƙwarya har sai da Charles Édouard Guillaume, ɗan Suwizalan, ya haɗa gaurayen ƙarfen da zafi bai cika canza shi ba, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1920. Maganaɗisu kuma, wanda yau yake ko'ina, a lasifika, a murfin waya, a maɓallin jaka, yakan sa zagayen sifirin gashin su manne da juna. Sifirin ya gajarce ke nan, agogo ya kama gudu, wani lokaci mintoci a rana. Sannan ga mai da ke bushewa, ga buguwa.

Akwai wata hukuma a Suwizalan, COSC, da aka kafa a 1973, mai gwada injin agogo kwana 15, a kwanciya iri biyar da yanayin zafi iri uku. Wanda ya ci jarrabawa shi ake kira kuronomita, kuma sharaɗin shi ne kada ya yi lattin fiye da sakan 4 ko gudun fiye da sakan 6 a rana. Sakan 6 a rana minti 3 ne a wata. Agogon batir na gama-gari kuwa kuskurensa bai cika wuce sakan 15 zuwa 30 a wata ba. Ba sihiri ba ne, lissafi ne: dutsen kwaz yana karkarwa sau 32,768 a sakan, na'urar ciki ta yi ta raba lambar gida biyu har sau 15 ta dawo ɗaya. Wilin da ke zuwa ya dawo sau huɗu a sakan ba zai haɗa kafaɗa da shi ba.

Amma a juya lissafin ta ɗaya gefen. Rana ɗaya sakan 86,400 ce. Kuskuren sakan 6 a cikinta daidai yake da mutum ya auna tafiyar kilomita 14 da ɗoriya ya kuskure da mita ɗaya. Kuma wanda ya yi awon nan sifiri ne da wili, a hannun mutumin da ke tafi, yana tuƙi, yana gumi. Ni a nan abin ya fi burge ni, fiye da duk wani zinari da aka yaɓa a waje.

## Yadda aka kusa binne sana'ar

Akwai zamanin da daidaiton agogo rai ne da mutuwa. Matuƙin jirgin ruwa da ke tsakiyar teku yana gane nisansa gabas ko yamma ne ta gwama lokacin inda yake da lokacin tashar da ya baro, kuma kuskuren minti 4 kan kai shi ga ɓatan fiye da kilomita 100. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. John Harrison, wanda asalinsa kafinta ne, ya kwashe shekaru yana fama har ya gama agogonsa na huɗu a 1759, kuma ya ci gwaji a tafiyar Jamaika.

Ɗaura agogo a hannu kuwa da farko adon mata aka ɗauke shi, namiji a aljihu yake sa nasa. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa matuƙin jirgin sama, Alberto Santos-Dumont, na hannu, don ba ya iya sakin sitiyari ya laluba aljihu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ƙarasa sauya ra'ayin maza, da sojoji suka ga ba a zaro agogo daga aljihu ana tsakiyar ruwan harsashi. Har duniyar wata agogon wani ya je: Omega Speedmaster ne a hannun ɗan sama jannati Buzz Aldrin a 1969.

A ƙarshen wannan shekarar dai, ranar 25 ga Disamba, kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na kwaz na farko a kasuwa, a kan yen 450,000, kusan kuɗin mota a lokacin. Cikin shekara goma farashin kwaz ya faɗi warwas. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, da suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kusan dubu suka rufe. A kamfanin Zenith da ke garin Le Locle, masu kamfanin na lokacin, Amurkawa, sun ba da umarni a 1975 a daina ƙera injin wani a rabu da kayan aikinsa. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya riƙa kwashe injuna da zane-zane a ɓoye yana kaiwa ɗakin saman rufi. Bayan kusan shekara goma, da kasuwa ta juyo, aka buɗe ɗakin aka tarar da komai, har Rolex ya riƙa sayen wannan injin yana sa wa agogonsa Daytona daga 1988.

Abin da ya ceci sana'ar ba cin nasara a kan kwaz ba ne. Agogon roba mai batir ne ma, Swatch, da ya fito a 1983, ya dawo wa Suwizalan da kuɗi. Sauran kuma sai suka sauya abin da suke talla: suka bar cewa namu ya fi daidai, suka koma cewa namu aikin gwanaye ne. A 2020 UNESCO ta sa sana'ar ƙera agogon wani ta yankin tsaunukan Jura, tsakanin Suwizalan da Faransa, cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

## To ina kuɗin suke tafiya?

Wani kaso yana tafiya ga ƙarin aikin da injin ke yi bayan nuna lokaci. Akwai mai auna gudu, mai nuna girman wata, mai kaɗa ƙararrawar awa da minti idan aka ja wani ɗan maɓalli don a ji lokaci cikin duhu. Akwai kalandar da ta san wata mai 30 da mai 31, ta san Fabrairu mai 29 duk bayan shekara huɗu, duk da haƙoran wili kawai. Yawancin irinta sai a shekarar 2100 za su buƙaci gyaran kwanan wata, don wannan shekarar ba ta da 29 ga Fabrairu. Akwai turbiyon, wanda maƙerin agogo Abraham-Louis Breguet ya yi wa rajista a 1801: ya sa wilin lilo da gwafarsa cikin keji mai juyawa, don kuskuren da nauyin ƙasa ke jawowa ya riƙa shafe kansa. Ga agogon aljihu da ke wuni a tsaye dabara ce mai ma'ana. A hannu, inda agogo ke jujjuyawa dama, amfaninsa kaɗan ne, kallo ake saye.

Wani kason na gogewa ne: gefen kowane ɗan ƙarfe a karkace shi, a goge da hannu har ya yi sheƙi, har da ɓangaren da mai agogon ba zai taɓa gani ba. Ragowar kuma, wanda sau da yawa shi ne mafi tsoka, suna ne da talla da ƙarancin kaya.

Masu kare agogon wani suna cewa abu ne da ake gyarawa. Wayar hannu da agogon zamani mai manhaja shekara kaɗan suke yi su zama shara, amma agogon da aka ƙera a 1950, in ya sami mai gyara, yau ma zai yi aiki. Masu suka kuma suna cewa a daina ruɗin mutane: mafi yawan injunan nan na'ura ce ke yanka su dubu-dubu, wasu kamfanoni suna hana masu gyara na waje kayan gyara, kuma tambarin nan na ƙirar Suwizalan, a dokar da ta fara aiki a 2017, kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira kawai ya wajabta a kashe a ƙasar. Duka ɓangarorin suna da gaskiya. Inda na fi karkata ga masu suka shi ne batun jari. Wasu 'yan samfura ƙalilan ne ke ƙara daraja, kuma su ɗin ma farashinsu na hannu ya yi tashin gwauron zabi har farkon 2022, sannan ya sauko. Yawancin agoguna suna barin shago darajarsu ke raguwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sifirin nan da gwafa da wilin lilo da ke cikin agogon miliyoyi, su ne dai a cikin Seiko 5, wanda ake yi tun 1963 don mai ƙaramin ƙarfi, da Vostok na Rasha, da Seagull na birnin Tianjin a Chaina. Wanda ke son ya more kallon injin ba sai ya sayar da gona ba.

## Ga wanda ya mallaka ko yake shirin saye

Sulalawar hannun sakan ba shaidar cewa agogo na ainihi ba ne. Jabu da yawa injin wani gare su, mai araha, kuma akwai na batir masu sulalawa. Rubutun mita 30 a bayan agogo ba izinin ninƙaya ba ne, fantsamar ruwa kawai yake ɗauka, kuma zoben robar da ke tare ruwan yana tsufa.

Idan na wani da hannu ne, ka cire shi daga hannu kafin ka murza, kana jin ya yi tauri ka tsaya. Otomatik ba ya cika ya tsinke, don ƙarshen sifirinsa zamewa yake yi a bangon gwangwani idan ya cika. Kada ka sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran kalanda sun riga sun kama aiki, tilasta su kan karya su. Agogon da ya kama gudu farat ɗaya, kafin ka yarda a kwance shi, a fara gwada shi da na'urar cire maganaɗisu, aikin minti ɗaya ne.

Sabis kuwa ba makawa. Duk bayan shekara 5 zuwa 10, gwargwadon injin, sai an wargaza shi gaba ɗaya, sassa ɗari da 'yan kai, a wanke, a mayar, a ɗiga mai iri-iri a wuraren da suka dace, wani ɗigon sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa. Kuɗin wannan aiki a babban agogo kan sayi agogunan batir masu yawa, don haka a sa shi cikin lissafi tun ranar ciniki. Agogon da mansa ya bushe ba ya tsayawa nan take. Ci gaba yake da tik-tik ɗinsa yana nuna lokaci, tsinkayensa na cinyewa a hankali, sai ranar da aka buɗe a tarar da jan gari a kan yaƙutun.